Wasannin bidiyo: Abin da makin masu sharhi ke faɗa wa matasan Jimeta da Yola, da abin da yake ɓoye masu

Sabon wasan bidiyo na PlayStation 5 daga manyan kamfanoni kan kai dala 70 a kasuwar duniya. A farashin canjin da aka gani a mafi yawan watannin 2024 da 2025, lokacin da dala ɗaya ke kaiwa naira 1,500 ko sama da haka, kuɗin ya haura naira 100,000. Ke nan faifai guda ya fi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yulin 2024.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne ga masu shagunan gem da ke unguwannin Jimeta kamar Jambutu da Dubeli da Luggere da Karewa, haka ma ga ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola, waɗanda kan haɗa kuɗi su sayi na'ura ta hannu su ajiye a ɗaki. Mai shago da ya sayi wasan da yara ba su so, jarinsa ya kwanta. Ɗalibin da ya ƙarar da datar wata guda wajen sauke wasan da ya ƙi tafiya a wayarsa, ba shi da wanda zai kai wa ƙara.

Shi ya sa da yawa daga cikinsu kan leƙa intanet kafin su fitar da kuɗi, kuma abin da ke fara tarbar su shi ne lamba: 93, ko 79, ko taurari huɗu da rabi. Lambar tana da kwarjini, domin kamar hukuncin alƙali take zuwa. Sai dai a bayanta akwai mutane, kowa da ɗanɗanonsa da ƙasarsa da irin na'urar da ke gabansa.

Yadda ake haɗa makin

Shafin da ya fi shahara a wannan fage shi ne Metacritic, wanda wasu Amurkawa uku, Jason Dietz da Marc Doyle da Julie Doyle Roberts, suka buɗe a 2001. Tun daga 2022 yana hannun kamfanin Fandom. Aikinsa shi ne tattara sharhin da jaridu da mujallu da shafukan wasanni suka rubuta a kan wasa ɗaya, ya mayar da hukuncin kowannensu zuwa maki bisa 100, sannan ya fitar da matsakaici. Sai an samu sharhi aƙalla huɗu kafin wasa ya samu lamba.

Akwai abubuwa biyu a cikin wannan aiki da mai karatu ba ya gani. Na farko, ba a ɗaukar masu sharhin daidai wa daida. Shafin da kansa ya bayyana cewa yana ba wasu jaridu nauyi fiye da wasu, amma bai taɓa fitar da ma'aunin ba. Na biyu, mayar da hukunci zuwa lamba shi ma hukunci ne. Jaridar da ke amfani da haruffa, idan ta ba wasa B, shafin zai rubuta 75, idan kuma C ta bayar, zai rubuta 50, ko da marubucin yana nufin wasan ba shi da laifi. Taurari uku cikin biyar kan koma 60.

Saboda ƙorafin da ake yi kan wannan ɓoyayyen ma'auni aka kafa wani shafin mai suna OpenCritic a 2015, wanda ke ɗaukar kowane sharhi da nauyi ɗaya. Kasuwar Steam ta wasannin kwamfuta kuwa wata hanya ta bi: masu wasa ne ke cewa sun yaba ko ba su yaba ba, sai a nuna kaso nawa cikin 100 suka yaba. A Jafan, mujallar Famitsu ta daɗe tana sa mutum huɗu su duba wasa ɗaya, kowa ya ba da maki bisa 10, a tara su zama bisa 40.

Ɗalibin Najeriya yana iya ruɗewa da waɗannan lambobi. A jami'o'in ƙasar nan, wanda ya ci 70 ya samu A, ana taya shi murna. A Metacritic kuwa, wasan da ya samu 70 launin rawaya ake sa masa, alamar ra'ayi ya rabu ko kuma wasan tsaka-tsaki ne. Sai daga 75 launin ke komawa kore, ƙasa da 50 kuma ja ne. Fina-finai a shafin suna samun kore tun daga 61. Dalilin bambancin shi ne masu sharhin wasanni sun saba tara hukuncinsu tsakanin 7 da 9, har ta kai maki 6 ya zama kamar zagi.

Sa yana da ma'auni

Masu kare tsarin tara maki suna da hujja mai ƙarfi, kuma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Ngurore ko ta Mubi zai gane ta. A 1906, masanin lissafi ɗan Ingila Francis Galton ya halarci wani baje kolin dabbobi a garin Plymouth, inda aka sa gasar cankar nauyin naman wani sa bayan an yanka shi an gyara. Ya tattara takardun mutum 787, ya jera su daga ƙarami zuwa babba. Wadda ta faɗo a tsakiya ta ce laba 1,207. Da aka ɗora naman a sikeli sai ya ba da laba 1,198, wato kimanin kilo 543. Tazarar kimanin kilo huɗu ce kawai. Masu kai cankarsu sama da masu kai ta ƙasa sun kashe kuskuren juna, gaskiya ta fito a tsakani. Sarkin yawa, in ji Hausawa, ya fi sarkin ƙarfi.

Haka tara maki ke aiki idan ana magana a kan abin da ke da ma'auni. Ko wasa yana tsayawa cak ana tsakiyar yi, ko hotonsa yana karkarwa, ko yana ɗaukar minti biyu kafin ya buɗe, ko labarinsa yana ƙarewa cikin awa shida, duk waɗannan abubuwa ne da mutum talatin za su gani su yi ittifaƙi a kai. Mai sharhi ɗaya yana iya yin sa'a bai ci karo da matsalar ba, amma da wuya talatin su yi sa'a tare.

Inda hujjar ke rauni shi ne sa yana da nauyi guda ɗaya da sikeli zai tabbatar, daɗin wasa kuwa ba shi da sikeli. A ɗauki wasanni biyu da kowannensu ya samu 70. Na farko, duk masu sharhi goma sun ba shi 7. Na biyu, biyar sun ba shi 10, biyar sun ba shi 4. Lambar ɗaya ce, amma na farko wasa ne da ba zai burge kowa ba kuma ba zai ɓata wa kowa rai ba, na biyu kuwa ko dai mutum ya so shi so mai tsanani ko ya jefar da shi ran farko. Wasan Death Stranding na Hideo Kojima, wanda ya fito a 2019, misali ne na zahiri. Famitsu ta ba shi 40 cikin 40, shafin IGN na Amurka ya ba shi 6.8 cikin 10, Metacritic kuma ya tsaya a 82. Wanda ya ga 82 kaɗai ba zai san cewa wasan ya raba kan masu sharhi gida biyu ba.

Lokacin da lambar ta yi rana

Duk da haka, akwai lokutan da lambar ta tsare aljihun mutane, kuma misali mafi kusa da masu wasa a Jimeta ya fito ne daga ƙwallon ƙafa. Tun zamanin PlayStation 2, wasan PES na kamfanin Konami ya samu gindin zama a shagunan gem na Arewa, kuma musu tsakanin masoyansa da masoyan FIFA na kamfanin EA ya kusa kai musun 'yan Barcelona da 'yan Real Madrid zafi. A ranar 30 ga Satumban 2021 Konami ya saki magajinsa da sabon suna, eFootball 2022, kuma kyauta. Cikin kwana guda hotunan 'yan wasa masu karkatattun fuskoki suka cika intanet. Waɗanda suka yaba masa a Steam ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, Metacritic ya ba nau'insa na kwamfuta maki 25, mafi ƙasƙanci a wasannin shekarar. Konami ya fito ya nemi afuwa, kuma sai a watan Afrilun 2022 ya fitar da gyararren nau'i. A irin wannan yanayi, da masu sharhi da masu wasa suka haɗu a kan magana ɗaya, mai shago ba ya buƙatar ya ƙona datarsa don ya tabbatar.

Wasan Cyberpunk 2077 ya koyar da wani darasin. Kafin fitowarsa a ranar 10 ga Disamban 2020, kamfanin CD Projekt na ƙasar Polan ya ba masu sharhi nau'in kwamfuta ne kaɗai, suka gwada shi a manyan kwamfutoci masu tsada, makin farko ya kai kusan 90. Da ya isa hannun masu PlayStation 4 sai aka ga wasan da kyar yake motsi. Bayan mako guda Sony ya cire shi daga kasuwarsa, ya mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai a watan Yunin 2021. A yau makin nau'in kwamfuta 86 ne, na PlayStation 4 kuwa 57. Tazarar maki 29 ke nan a kan wasa mai suna ɗaya, kuma a gari irin Jimeta, inda tsofaffin na'urori na hannu suka fi sababbi yawa, ƙaramar lambar ce ta shafi mai saye.

Abin da mai sharhi bai gani ba

Mafi yawan jaridun da Metacritic ke tattarawa suna Amurka da Turai ne. Marubutansu suna gwada wasa a ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet da ba a ƙirga masa gigabayit. Ba su yi ƙarya ba a abin da suka rubuta, amma tambayoyin da suka amsa ba su ne tambayoyin mai wasa a Yola ba.

Wutar lantarki ce ta farko. A watan Afrilun 2024, bayan da ɓarayi suka lalata turakun babban layin da ya taso daga Jos zuwa Gombe, Yola da Jalingo da Gombe sun shafe makonni cikin duhu. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowace awa da janareta ya yi yana aiki tana cin wani kaso na cinikin mai shago. Wasan da ba ya ajiye inda aka tsaya sai bayan rabin awa, ko wanda ke ɗaukar dogon lokaci kafin ya sake tashi idan wuta ta ɗauke, asara ce a gare shi. Babu mai sharhin da ke rage maki saboda wannan.

Sai data. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. A ɗaya gefen kuma wasannin sai ƙara ƙiba suke yi. A 2020, Call of Duty: Modern Warfare tare da Warzone sun haura gigabayit 200 a kwamfuta. Wasa da yawa ba sa buɗewa sai da intanet, wasu kuma suna neman a sauke gyara mai nauyi tun ranar farko, ko da faifai aka saya. Ga kuma zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi a Yola ke haura 40 a watannin Maris da Afrilu, waya ta yi zafi a hannu ta rage gudu, wasan da aka yaba da kyan hotonsa ya koma tafiyar hawainiya.

Na uku shi ne yadda ake yin wasan kansa. A shagon gem, mutum biyu ne ke zama kafaɗa da kafaɗa, kowa da hannunsa, su zaɓi ƙungiya, su buga wasa na 'yan mintoci, wanda aka ci ya tashi ko ya biya, na bayansu suna jiran layi suna tsokana. Lokacin da FIFA 20 ya fito a 2019, masu sharhi sun ba shi 79 a PlayStation 4, masu wasa kuwa suka ba shi ƙasa da 2 cikin 10. Fushinsu ya ta'allaƙa ne a kan kurakuran ɓangaren da mutum ke zama manajan ƙungiya na tsawon kakanni, da kuma ɓangaren Ultimate Team inda ake zuba kuɗi don sayen katunan 'yan wasa. Duka ɓangarorin biyu ba su ne abincin yau da kullum na shagon gem ba. Abin da yaran ke so su sani shi ne ko ƙwallo tana bin umarnin hannu, ko mai tsaron gida yana da hankali, ko an sa 'yan wasa a sababbin ƙungiyoyinsu. Lambobin biyu, 79 da 2, babu wadda ta amsa masu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Akwai kuma batun addini da tarbiyya, wanda iyaye a Adamawa, Musulmi da Kirista, ke sa wa ido fiye da kyan hoto. A watan Oktoban 2008 Sony ya ɗage fitar da wasan LittleBigPlanet, ya janye faya-fayan da aka riga aka raba wa shaguna, bayan an gano cewa wata waƙar mawaƙin Mali Toumani Diabaté da ke cikinsa tana ɗauke da kalmomi daga Alƙur'ani. Wasan ya samu 95 a Metacritic. A watan Nuwamban 2021 kamfanin da ke fitar da Call of Duty: Vanguard ya nemi afuwar Musulmi bayan an ga shafukan Alƙur'ani warwatse a ƙasa a wani ɓangaren wasan, sannan ya cire su. A duka biyun, masu wasa ne suka lura. Makin inganci ba ya gaya wa uba ko wasan ya dace da ɗansa mai shekara 10. Wannan aikin wata lambar ce daban, ta shekaru, wadda ake bugawa a jikin kwalin faifai: 3, 7, 12, 16 ko 18 a tsarin Turai.

Hannun kuɗi da fushin jama'a

Ruwa ba ya tsami banza, kuma lambar da ke juya biliyoyin daloli ba za ta rasa masu son taɓa ta ba. A watan Nuwamban 2007 shafin GameSpot ya sallami babban editansa Jeff Gerstmann jim kaɗan bayan ya ba wasan Kane & Lynch: Dead Men maki 6 cikin 10, a daidai lokacin da tallan wasan ya cika shafin. A 2012 ya tabbatar da cewa matsin lambar masu talla yana da hannu a korar. A wannan shekarar ce kuma Chris Avellone na kamfanin Obsidian ya bayyana cewa sun rasa kuɗin lada a kan wasan Fallout: New Vegas saboda yarjejeniyarsu ta ce sai ya samu 85 a Metacritic, shi kuwa ya tsaya a 84. Maki ɗaya, wanda ra'ayin marubuci guda zai iya sauyawa, ya taɓa abincin ma'aikata da yawa.

Irin wannan nauyi ya sa wasu jaridu suka yi watsi da lamba baki ɗaya. Eurogamer ta daina ba da maki a 2015, Polygon ta bi sahu a 2018. Amma a 2023 Eurogamer ta dawo da tsarin taurari biyar, abin da ke nuna cewa masu karatu ba su daina neman taƙaitaccen hukunci ba.

Makin jama'a ma ba tsarkakakke ba ne. Da wasan The Last of Us Part II ya fito a ranar 19 ga Yunin 2020, masu sharhi suka ba shi 93, amma cikin sa'o'i kaɗan dubban mutane suka yi masa ruwan sifiri, makinsa na jama'a ya faɗi ƙasa da 4 cikin 10, alhali wasan yana ɗaukar fiye da awa 20 kafin a gama shi. Wata guda bayan haka Metacritic ya kafa dokar cewa sai an jira awa 36 da fitowar wasa kafin jama'a su fara saka maki. Steam ma tun 2019 yake ware irin wannan taron dangi daga lissafinsa idan ya gano ƙorafin bai shafi wasan ba.

Alƙalan benci

Wasu kamfanonin sun fara gane cewa hukuncin duniya ba lallai ya zama hukuncin gida ba. Daga watan Nuwamban 2021, Google Play ya koma nuna wa mai waya taurarin da mutanen ƙasarsa suka bayar, maimakon na duniya baki ɗaya. Ga matashin Yola da ke neman Dream League Soccer ko Free Fire ko PUBG Mobile, wannan sauyi yana da amfani, domin waɗanda suka ba da taurarin suna riƙe da irin wayarsa ta Tecno ko Infinix ko itel, suna fama da irin layin sadarwarsa.

Giɓin da ya rage shi ne na harshe da na murya. Nahiyar Afirka tana da masu ƙera wasanni. Akwai Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012, akwai kuma Kiro'o Games a Yawunde, babban birnin Kamaru maƙwabciyar Adamawa, wanda ya fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan a 2016. Sai dai jaridun da ake tara makinsu ba da Hausa ko Fulatanci suke rubutu ba, kuma ba don mai karatu a bakin kogin Binuwai suke yi ba. Hukuncin da ya fi tasiri a Jimeta har yanzu na baka ne. Mai shago yana da nasa ma'aunin da ba ya ƙarya: wane talabijin ne layinsa ya fi tsawo, wane faifai ne ya yi wata guda yana shan ƙura. Shi ya sa ake iya tarar da tsohon PES da aka sabunta wa sunayen 'yan wasa yana ci gaba da tara jama'a, shekaru bayan jaridun duniya sun daina ambatonsa. Wannan ma tara maki ne, sai dai masu jefa ƙuri'ar da kuɗinsu suke jefawa.

Daga duk waɗannan misalai, mai saye zai iya fitar da wasu ƙa'idoji. Ya duba makin nau'in na'urar da yake da ita, kada sunan wasan ya ruɗe shi. Ya duba sharhi nawa aka tara, domin matsakaicin mutum biyar ba ɗaya yake da na mutum ɗari ba. Ya karanta sharhi mafi yabo da mafi suka, ya ga wanne ne ya taɓo abin da ya dame shi. Idan makin masu sharhi da na jama'a suka yi hannun riga, ya nemi dalilin kafin ya ɗauki ɓangare. Ya duba nauyin wasan da ko yana buɗewa ba tare da intanet ba. Maki ƙasa da 50 gargaɗi ne da ya kamata a ji, amma bambancin 84 da 85 ba abin ɗaga hankalin kowa ba ne sai mai yarjejeniyar lada.

Akwai kuma wata dama da ɗan Jimeta yake da ita wadda mai saye a Landan ba kasafai yake samu ba. Da 'yan kuɗi kaɗan zai iya shiga shago a unguwarsu, ya karɓi hannu, ya buga wasa biyu ko uku a kan irin na'urar da zai saya, cikin irin zafin da zai yi wasan, kafin ya yanke shawarar fitar da kuɗin da ya fi albashin wata. Gani, in ji masu iya magana, ya kori ji.